Ranar da Dattawa Suka Je Ba wa 'Yan Sandan Bronx Haƙuri

A shekarun da na yi a New York na ga abubuwa da yawa, wasu na manta, wasu kuma na yi ƙoƙarin mantawa. Amma akwai wata Lahadi ta lokacin zafi da ba za ta fita daga raina ba, ko da zan tsufa har in daina gane 'ya'yana. Ranar ce direbana ya faɗa hannun 'yan sanda da giya a jininsa, kuma ranar ce mutanen kirki suka taru don su ciro shi daga rami, suka ƙara danna shi ciki.

Ni dillalin motoci ne. Da tebur na fara a gefen titin 125th da ke Harlem, ina sayar da agoguna da huluna da turare, ina naɗe kayana da sauri in na hango hukuma. Daga baya na sayi mota guda a gwanjo na tura Kwatano, ta yi albarka, na sake turawa. Yau ina da fili a Jamaica ta Queens inda nake tara motoci kafin a loda su a jirgin ruwa. Na faɗi wannan ne don a san ni ba lauya ba ne. Ɗan abin da na sani na dokar ƙasar nan a kan titi na koye shi, kuma babu wanda na koya kyauta.

Direban nawa mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ni kuma Bazazzagi Musulmi. Hausa ce ta haɗa mu, sannan gini ɗaya muke haya a Highbridge. Shi ke jan tirelar da ke kwaso motoci daga gwanjo zuwa filina, daga filin kuma zuwa tashar jirgin ruwa, kuma duk tsawon zamanmu ko madubi bai taɓa fasa mini ba. Takardar zama gare shi, bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, matarsa da yaransa na gida yana ta fafutukar kawo su. Duk wanda ya zauna a nan ya san abin da wannan ke nufi. Babban laifi guda ya isa a saka mutum a jirgi a mayar da shi inda ya fito.

Shi ba mashayi ba ne. Ban taɓa ganinsa da kwalba ba. Amma in mutanensu suka yi biki aka dafa burkutu, to zai sha, kuma ba ya lissafa shi cikin giya. Mun sha yin gardama a kan haka. Sai ya ce, “Oga, wannan ai kunu ne da ya kwana. A garinmu shi ake sha a gona a koma kan garma.” Ni kuma in ce, “Ban taɓa ganin kunun da ke sa tsoho rawa ba.” Mu yi dariya, magana ta wuce.

Ranar Lahadin, wani dattijon cocinsu da kowa ke kira Baba, tsohon malamin makaranta, ya yi walimar autarsa da ta gama karatun jinya. Matarsa, Mama, ta sayo dawa a shagon kayan Afirka ta dafa burkutu da hannunta. Matata ta je da 'yarmu ƙarama saboda maƙwabtaka. Ni ban je ba, akwai wanda zai zo duba mota a fili.

Bayan la'asar ina tsaye da mai sayen, kaina a cikin injin, sai wayata ta yi ƙara. Matata ce. Ta ce 'yan sanda sun kama direbana. Ya dawo zai kwashi mata da kuloli ne, ya juya dama alhali fitilar hanya ta nuna ja. A jihohin da yake kai kaya ana yin haka, a cikin New York kuwa ba a yi. Suka tsayar da shi, suka ji wari, suka sa ya hura na'ura, suka sa masa ankwa. Na ce, “Ya bugi wani?” Ta ce a'a. Na ce, “Waye a motar?” Ta ce shi kaɗai ne. Na fara samun numfashi ke nan, sai ta ƙara da cewa, “Baba ya ce kada kowa ya damu, ya tara dattawa za su je su ba da haƙuri.”

Na ce, “Su je ina?”

“Ofishin 'yan sandan mana. Mama ma ta ɗauki jarka ɗaya ta ce za ta nuna musu su gani da idonsu, dawa ce da ruwa kawai.”

Na ce ta tare su. Ta ce, “Haba maigida, ni ce zan tare Baba? Da wane bakin? Ai ma sun fita.”

Ban san lokacin da na sauke murfin injin ba. Mai saye na tambayata ko cinikin ya fasu, ban tsaya ba shi amsa ba. Na shiga mota na kama hanyar Bronx.

Wanda bai taɓa shiga cunkoson Lahadi daga Queens zuwa Bronx ba, bai san yadda hanya ke cin zuciyar mutum ba. Motoci sun tsaya cik tun kafin gada. In koma wannan layi, wancan ya motsa. In koma wancan, shi ma ya tsaya. Na kira Baba, waya na ta ringi ba a ɗauka, na san tana can cikin aljihun babbar riga. Na kira wani daga cikin dattawan, ya ɗauka ya ce, “Muna hanya, sai mun fito,” ya kashe. Na kira lauyan da ke mini aikin takardun kasuwa, saƙon murya ya amsa. Na kashe rediyo, na kunna, na sake kashewa.

Ba wai na raina abin da dattawan suka tafi yi ba ne. Al'ada ce mai kyau, ni ma ta taɓa yi mini rana. A gida in yaro ya yi laifi, manya su saka riguna su je gaban mai iko, su amsa laifin da bakinsu, su faɗi halin yaron na kirki, su ce a dubi furfurarsu. Sau da yawa a duba. Amsa laifi shi ne rabin neman gafara a wurinmu. To a nan amsa laifi shaida ce. Ɗan sandan da ke bakin tebur ba shi da ikon yafe komai, amma yana da ikon ya rubuta duk abin da ya ji, kuma abin da ya rubuta gobe shi za a karanta a gaban alƙali.

Dokar kuma ba ta san burkutu ba, ba ta san kwalba ba, ba ta san ƙwarya ba. Jini take aunawa. In awon ya kai sifili ɗigo sifili takwas, kai mai tuƙi cikin maye ne, ko da kana tafiya a miƙe kamar sanda. Ƙasa da haka ma akwai ƙaramin laifin da za a iya ɗora maka. Mai jan babbar mota kuwa rabin wannan awon ne iyakarsa in yana kan aiki, kuma ko a motarsa ta gida aka kama shi, lasisin babbar motar na tafiya. Duk wannan na san shi. Ina ta jujjuya shi a raina ina kallon bayan wata farar bas da ta ƙi gusawa.

Ina kan gada lauyan ya kira. Na zayyana masa. Ya yi mini tambayoyin da na yi wa matata, sannan ya ce, “Akwai yaro a motar?” Na ce babu. Ya ce to da sauƙi. Lasisi zai sha wuya, amma laifin farko ne, ba a bugi kowa ba, zamansa a ƙasar bai shiga haɗari sosai ba. Ya ce da akwai yaron da bai kai shekara goma sha shida ba a ciki, da magana ta zama babban laifi, irin wanda ke kai mutum kurkuku ya kuma jawo hankalin hukumar shige da fice. Ya ce, “Abu ɗaya nake roƙonka. Kada kowa ya ce musu komai.” Na ce masa abin da nake gudu in hana ke nan.

Na ajiye mota inda bai kamata ba, na shiga ofishin da gudu. Ga su nan. Dattawa cikin manyan riguna da kwat na coci, huluna a hannu, sun jeru a gaban tebur kamar masu neman aure. Mama na gefe da jarkarta a rungume. Baba na gaba yana magana da Turancinsa na tsohon malami, a tsanake, wata 'yar sanda na saurarensa cikin ladabi tana gyaɗa kai tana rubutu. Da na matso, ga abin da na ji yana faɗa: wannan mutum ɗanmu ne, mai tsoron Allah ne, abin da ya sha abincin gargajiya ne, a gabana ya sha, kuma bai bugu ba. In kuna son shaida, kafin ku tsayar da shi da 'yan mintoci shi ya kwashe mana yara ya kai su gida, babu wanda ko ƙwarzane ya samu.

'Yar sandan ta ɗago kai ta ce, “Yara?”

Baba ya ce ƙwarai, jikokinsa da 'ya'yan maƙwabta. Ya waiwayo ya gan ni, fuskarsa ta washe, ya ce da Hausa, “Yauwa, ga ma uban ɗaya daga cikinsu ya iso.” Sannan ya maimaita mata da Turanci.

Na zo ne in rufe bakin Baba don in ceci direbana. Sai ga shi daga bakin nan nake jin cewa 'yata na cikin motar. 'Yar sandan ta tambaye ni sunana da shekarun yarinyar. Na ce mata lauya zai yi magana, na kama hannun Baba na ce, “Baba, mu fita waje, don Allah.”

A waje dattawan suka yi mini caa. Ɗaya ya ce, “Kai kuma daga zuwanka ka ɓata mana shiri? Ai ta fara saukowa, ba ka ga har ruwa ta ba Baba ba?” Mama ta ce, “Ni ko ɗanɗanawa ba su yi ba, ɗana. Da sun ɗanɗana da sun gane.” Na ce, “Mama, ki gode wa Allah da ba su karɓi jarkar nan ba. Ki kai ta gida.” Sannan na gaya musu abin da lauya ya ce game da yaro a mota. Baba ya dube ni ya ce, “To ƙarya na yi?” Na ce, “A'a Baba, gaskiya ka faɗa. Sai dai ba su san da ita ba sai da ka kawo musu.” Ya mayar da hularsa kai, ya cire, ya sake mayarwa.

Da na isa gida na tambayi matata me ya sa ba ta gaya mini ba. Ta ce, “Ka tambaye ni wa ke motar lokacin da aka kama shi. Kuma ai sun iso lafiya.” Ita ta tsaya taya wanke-wanke, aka ce direbana ya kwashe yara a motarsa ta gida, kamar yadda ake yi a kowane taronmu. Wa zai tsaya yana shinshinar bakin babban mutum? Na kira yarinyar na tambaye ta da Hausa yadda suka dawo. Ta amsa da Turanci, tana dariya, wai kawu ya yi ta rera musu waƙa, kuma da zai shiga layinmu taya ta hau dakalin gefen titi, motar ta yi tsalle, duk suka yi ihu don daɗi. Layinmu gangare ne. Na san kwanar da take nufi, na san yadda bas ke saukowa a wurin.

Ranar ban ci abinci ba. In zauna, in tashi, in leƙa taga. Rabin zuciyata na son ya fito, rabi na son in shaƙe shi.

Washegari aka kai shi kotu, aka karanta tuhuma, har da ta ɗaukar yara. Aka sake shi ya dinga zuwa daga gida, aka riƙe lasisinsa. Cikin makon masu gabatar da ƙara suka fara neman iyayen yaran. Nan fa wata sabuwa ta taso. Mutane suka dinga sallama a ƙofata, wannan ya fita wancan ya shigo, kowa da shawara guda: in ce yarinya da uwarta ta dawo a ƙafa, Baba tsufa ne ya rikita shi. Wani ya ce, “Rufin asiri ne, Alhaji. Kai da ya yi wa bauta shekara da shekaru, yau bakinka ne zai sa a kore shi?” Na ce masa akwai kyamara a ƙofar gininmu, akwai a shagon da ke kwanar layinmu, kuma ƙarya ga hukuma laifi ne da zai haɗa da ni. Wannan amsar ɗan kasuwa ce, ita suka fi ganewa. Amma ba ita kaɗai ce a raina ba. Na kasa tunanin yadda zan zaunar da 'yata in koya mata ta ce ba ta shiga motar ba.

Direban da kansa ya zo fili ya same ni. Ya rame cikin 'yan kwanaki. Ya tsaya daga nesa kamar baƙo, ya ce, “Oga, na zo.” Na ce, “Na gan ka.” Na matso kusa da shi. Na ce, “Ka san 'yata na ciki ka tayar da motar?” Ya ce, “Na sani. Wallahi ji na yi garau nake.” Na ce, “Kwanar layinmu fa?” Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, “Na ji abin da ake cewa ka faɗa musu. Ban aiko kowa ba.” Na ce, “To ka ji daga bakina. Ba zan yi ƙarya ba. In sun tambaye ni, tana ciki. Amma lauya a wuyana yake, har da na shige da fice, kuma duk ranar da za ka tsaya a kotu ina bayanka.” Ya daɗe yana kallon tirelar da ke ajiye, sannan ya ce, “In an mayar da ni, ka taimaka ka kira matata. Ni ba zan iya ba.”

Haka aka yi. Suka tambaye ni a gaban lauya, na faɗa. Mutane da yawa suka daina gaishe ni a matakala. Shari'a ta yi ta ja, wata na bin wata, a je a ɗage, a je a ɗage. Duk ranar zama sai in rufe fili mu tafi tare, ya zauna a benci yana murza hannuwa, ni kuma in yi ta kai da kawo a baranda har mai gadi ya san ni. Ba mu taɓa shiga da tabbacin tare za mu fito ba.

A ƙarshe lauyoyin suka samu aka sauko da tuhumar daga babban laifi zuwa ƙarami. Abin da ya taimake shi shi ne bai taɓa laifi ba, awonsa da kaɗan ya haura, kuma tun kafin a tilasta shi ya kai kansa ajin da ake tura masu irin wannan laifi. Ba a mayar da shi gida ba. Amma lasisin babbar mota ya tafi, kuma ko da wa'adin ya cika, kamfanin inshora ya ƙi yarda in mayar da shi kan tirela. An saka wa motarsa na'urar da sai ya hura kafin ta tashi. Lauya ya ce ya manta da neman zama ɗan ƙasa na wasu shekaru, kuma kada ya kuskura ya fita ƙasar. Maganar kawo iyalinsa ta koma baya. Yanzu shi ke kula mini da fili, yana karɓar motocin da wani direban ke saukewa.

Bayan an gama shari'ar, wata rana da hantsi, Baba ya hau jirgin ƙasa tun daga Bronx ya zo filin shi kaɗai. Ya cire hula a gaban direban, mutumin da bai wuce sa'ar ɗansa ba, ya ce, “Ɗana, na zo ba ka haƙuri. Bakina ne ya jawo maka.” Direban ya yi sauri ya durƙusa ya riƙe hannunsa. Ya ce, “Baba, mayar da hularka. Kai ba ka zuba yara a mota ba, ni na zuba. Da ba ka faɗa ba, da na fito da sauƙi, kuma da biki na gaba ma ni zan kwashe su.”

Wannan maganar tasa ita ce ta zaunar da ni, don ni duk gudun da na yi a kan gada, gudun ɓoye abin ne. Na koyi cewa a ƙasar nan ba a kai wa 'yan sanda furfura, lauya ake kaiwa, kuma shiru ba rashin kunya ba ne. Amma babban abin da na koya ya riga ofishin 'yan sanda. Dattawan nan da suka iya saka riguna suka je roƙo, duk suna wurin lokacin da ya ajiye ƙwarya ya ɗauki makulli, kuma kunya ta hana kowa ya ce masa zauna. In za mu taru mu ceci namu, a bakin ƙofar biki ya kamata mu taru, tun makulli na hannu. Ni dai tun daga lokacin, ko waye kai, ko me ka ce sunan abin da ka sha, sai na karɓi makullinka. Ka yi fushi da ni yau, gobe ma gaisa.